Kyanwar da ke kwana a waje: jefa mata ragowar abinci bai isa ba

Jama'a, yau maganar kyanwa zan yi, kuma da gaske nake. Kowa ya san irin wadda nake nufi. Tana raɓe a gindin katanga ko ƙarƙashin mota, gashi ya cukurkuɗe, ana iya ƙirga haƙarƙarinta, kwantsa ta liƙe mata ido ɗaya. Yawancinmu ko mu kore ta, ko mu jefa mata ragowar abinci mu wuce, zuciyarmu ta yi sanyi. Korar ba sai na tsaya a kanta ba. Jefa ragowar nan nake so mu duba, domin mu yake sanyaya wa rai, ita kuwa gobe tana nan yadda take, wani lokacin ma abin da muka ba ta ne zai ƙara mata ciwo.

Ɗauki madara. Da zarar mutum ya ga kyanwa a rame, madarar shanu ce ke fara zuwa masa a rai. Alhali yawancin kyanwoyi da zarar sun wuce yaye cikinsu ba ya iya narkar da sukarin da ke cikin madara, sai gudawa. Gudawa kuma ga dabbar da dama ruwan jikinta ya ƙare, hanyar mutuwa ce. Ragowar abincinmu ma haka: albasa da tafarnuwa suna lalata jajayen ƙwayoyin jinin kyanwa, ko ɗanyu ne ko dafaffu. Abin da take bukata ruwa ne mai tsabta, da abincin kyanwa na gwangwani, ko dafaffen nama ko kifi ba gishiri ba ƙashi. Kuma kaɗan-kaɗan, sau da yawa a yini. Wadda ta daɗe cikin yunwa, idan aka cika mata ciki lokaci guda jikinta na iya rikicewa har ta mutu, bayan ta tsira daga yunwar kanta.

Wanda ya fi ɗaga mini hankali shi ne magani. Don Allah, don Annabi, kada wanda ya ba kyanwa farasitamol. Hantarta ba ta iya sarrafa shi yadda tamu ke yi, ƙwaya ɗaya ta isa ta kashe ta. Maganin ƙuma na karnuka mai sinadarin fametirin shi ma guba ne a wurinta, sai ka ga tana karkarwa tana farfaɗiya. Waɗanda ke yin wannan kuskuren ba mugaye ba ne, masu tausayi ne, su ne suka damu har suka ɗauko magani. Shi ya sa nake nanatawa cewa a wannan harka mai tausayi shi ya fi kowa bukatar sani.

Kafin ma a kai ga abinci, a tsaya a kalle ta. Ba duk kyanwar waje ce iri ɗaya ba. Akwai wadda ta tashi a hannun mutane ta ɓace ko aka yar da ita. Za ka ga tana matsowa, tana kuka tana kallon fuskarka, kuma sau da yawa ita ce ta fi rama da dauɗa domin ba ta iya neman na kanta ba. Akwai kuma wadda a waje aka haife ta. Ita ba ta yi maka kuka, ba ta yarda ka taɓa ta, sai huci da gudu. Sabo da mutane yana shiga ɗan kyanwa ne tsakanin mako 2 zuwa 7 da haihuwa. Wanda ya wuce wannan lokaci bai san hannun mutum ba, da wuya ya sake da mu daga baya. Ta farkon gida take nema. Ta biyun idan ka kulle ta a ɗaki azabtar da ita ka yi, ko da niyyarka mai kyau ce.

Ta farkon ma, a fara cigiya, wataƙila akwai mai kuka a kanta. A ƙasashe da dama ana sa wa kyanwa wata 'yar na'ura mai girman ƙwayar shinkafa a ƙarƙashin fata, likitan dabbobi ya haska ya ga lambar mai ita. A Ingila ma tun watan Yunin 2024 doka ta wajabta haka.

Sai jarirai. Nan ne ake yawan yin ɓarna da sunan ceto. Mutum ya ga 'ya'yan kyanwa a kwali ko cikin ciyawa, idonsu ko buɗewa bai yi ba, ya ce an yar da su, ya kwashe. Uwar kuwa nema ta fita, tana iya ɗaukar sa'o'i kafin ta dawo, kuma ba za ta matso ba muddin kana tsaye a wurin. Idan jikinsu da ɗumi, da tsabta, suna barcinsu, to uwa tana nan. Ja da baya ka sa ido daga nesa. Jaririn da bai kai mako 3 ba ko fitsari ba ya iya yi da kansa sai uwa ta lashe shi, ba ya iya riƙe ɗumin jikinsa, kuma yana bukatar shan nono kusan kowane sa'a 2 zuwa 3, dare da rana. Kaɗan ne cikinmu za su iya wannan. Ciyar da uwar shi ne taimakon 'ya'yan. In kuwa ta tabbata babu uwa, jikinsu ya yi sanyi, a fara ɗumama su kafin a ba su komai, kuma madarar da aka yi musamman don 'ya'yan kyanwa ake ba su.

Ka kula da kanka ma. Kyanwa mai jin ciwo tana cizo tana yakushi, tsoro ne ke sa ta. A yi amfani da tawul mai kauri ko keji, kada a bar yara su ɗauke ta. Idan ta ciji mutum ko ta yakushe shi, a wanke wurin da ruwa da sabulu na tsawon minti 15, a tafi asibiti a ranar, domin ciwon haukan kare ba karnuka kaɗai ke ɗauke da shi ba, kuma da zarar alamunsa sun bayyana kusan babu mai tashi. Makero ma yana tsallakowa daga jikinta zuwa namu. Mai juna biyu ta bar wa wani kwashe kashin kyanwar. In kana da wasu dabbobi a gida, ware ta a ɗaki daban har likita ya duba ta, ya ba ta maganin tsutsar ciki da na ƙuma, ya yi mata allurar rigakafi.

Yanzu ga wurin da na san wasu za su saɓa da ni: hana haihuwa. Kyanwa na iya ɗaukar ciki tun tana wata 4 ko 5, cikin nata kwana 63 zuwa 65 ne kacal, tana iya haihuwa sau biyu ko uku a shekara. Ka ciyar da ita ta murmure ka tsaya a nan, badi kana da ramammu goma a gindin katangar da ka tarar da guda ɗaya, kuma da yawan waɗanda aka haifa a waje ba sa kai wata shida. Na fahimci mai jin nauyin abin a zuciyarsa. Amma aiki ne da likita ke yi bayan ya sa dabbar barci, ta warke cikin 'yan kwanaki, muzuru ma ya rage yawo da faɗan da ke jawo masa raunuka da cututtuka. Ita kuwa wadda ba ta sabo da mutane, masu wannan aiki kama ta suke yi da keji, a yi mata aikin da rigakafi, a ɗan datse kan kunnenta ɗaya don a gane an riga an yi, a mayar da ita inda ta saba.

Mun san hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwa, wanda Bukhari da Muslim suka ruwaito. Laifinta shi ne ta tsare ta, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abinci da kanta ba. Ni abin da nake ɗauka a ciki shi ne, da zarar rayuwar dabba ta rataya a hannunka, ta zama amana. Kyanwar da ka saba wa cin abinci a ƙofarka za ta riƙa zuwa a kan lokaci tana jira. Don haka kafin ka fara, ka san wa zai ci gaba idan ka yi tafiya ko ka tashi daga gidan. In ba za ka iya riƙe ta ba, babu laifi, amma ka ɗauki hotonta ka nema mata mai riƙo, ko ka kira likitan dabbobi ko masu kula da dabbobi da ke kusa da kai ka gaya musu daidai inda take kwana da lokacin da take fitowa.