Mu ne muke mayar da kare mugu, sannan mu ce halinsa ne

Tun da sata da garkuwa da mutane suka yi ƙamari, wani yayi ya shigo sababbin unguwanninmu wanda ni dai bai kwanta mini ba. Mutum ya gama gini, ya zagaye katanga da waya, sai ya ce saura kare. Kuma ba kowane kare ba, irin na ƙasar waje, German Shepherd ko Rottweiler ko Boerboel. A kawo kwikwiyo ɗan sati bakwai, a jefa shi cikin kejin ƙarfe mai rufin kwano a bayan gida, a rufe da buhu don kada ya ga mutane. Wai idan ya saba da mutane ba zai yi zafi ba. Wasu har barkono suke barbaɗa masa a abinci, su sa yara su riƙa zungurarsa da kara ta ƙofar keji.

Abin da ake samu bayan shekara guda ba mai gadi ba ne, matsoraci ne mai haƙora. Masana halayyar dabbobi sun daɗe da gano cewa daga sati uku zuwa wajen sati goma sha huɗu na rayuwar kwikwiyo shi ne lokacin da yake koyon abin da ya kamata ya ji tsoro da wanda bai kamata ba. Wanda ya wuce wannan lokaci cikin duhu bai san bambancin ɓarawon da ya hauro katanga da almajirin da ya zo karɓar ɗumame ba. Duk abin da ya motsa abokin gaba ne. Shi ya sa ran da sarƙa ta tsinke, wanda ake kwasa zuwa asibiti yawanci ba ɓarawo ba ne. Ɗan maƙwabci ne, ko mai ga-ruwa, ko ma ƙaramin yaron gidan.

Abin haushin shi ne wannan ilimi ba sai mun je Turai neman sa ba. Ku kalli mafarautanmu ranar fita dawa. Mutum ɗaya da karnuka biyar ko shida, 'yan gida masu siraran ƙafafu, kowanne da sunansa, kowanne ya san fiton ubangidansa a cikin hayaniyar ganguna. Ya kira su dawo, ya tsawata su kwanta. Da me ya same su? Tun suna kwikwiyo tare suke yawo, daga hannunsa suke cin tsaki da ƙanzo, shi yake cire musu kaska a kunne. Haka Bafulatani da karen garkensa, haka Buzayen Nijar da Mali da dogon karensu na Azawak. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma ba da kulki ba. Kare yana maimaita abin da ya jawo masa lada ne: ka ce zauna, ya zauna, ka miƙa masa ɗan guntun nama a take. Minti goma kullum ya isa. Duka kuwa abu ɗaya yake koya masa, wato hannun mutum abin tsoro ne.

Kuma kare ba ya cizo haka kawai. Kafin nan zai kau da kai, ya lashe baki, ya kwantar da kunnuwa, jiki ya sandare, sannan gurnani. Mai dukan kare saboda gurnani gargaɗin ya kashe, cizon na nan.

Na san za a ce mini ai addini bai son kare a gida. To, mu yi maganar da adalci. Hadisi ya yi rangwame ga karen farauta da na kiwo da na gona, kuma a Suratul Ma'ida, aya ta 4, an halatta cin abin da horarriyar dabbar farauta ta kamo. A mazhabar Malikiyya da muka taso a kanta, jikin kare mai rai ba najasa ba ne. Har ana ruwaito cewa Ibn Abi Zaid, mai Risalar da muke karantawa a zaure, ya ajiye kare lokacin da katangarsa ta faɗi, da aka yi masa magana ya ce da Imamu Malik ya riski zamaninsu da zaki zai ajiye. Batun gadin gida na bar wa malamai. Amma babu malamin da zai ce maka halal ne ka ɗaure dabba cikin zafin ranar watan Afrilu ba inuwa ba ruwa. Mun haddace labarin mutumin da aka gafarta wa don ya shayar da kare, da na matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle. Idan kana ƙyamarsa har ba ka iya duba lafiyarsa, ka ɗauki maigadi ka biya shi albashi.

Sai babbar maganar, wadda saboda ita na zauna rubutun nan: allura. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon haukan kare yana kashe mutum kusan 59,000 duk shekara, mafi yawa a Afirka da Asiya, kuma wajen kashi 40 cikin ɗari yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Da zarar alamomi sun bayyana, mutum ya fara firgita da ruwa, to sai dai addu'a. Alhali tun 1885 masanin kimiyya ɗan Faransa Louis Pasteur ya fara yi wa mutum rigakafinsa, kuma a Vom, kusa da Jos, cibiyar binciken lafiyar dabbobi tana yin allurar karnuka. Masana sun ce idan aka yi wa kashi 70 cikin ɗari na karnukan yanki allura, cutar takan daina yawo. Amma sai ka ga wanda ya zuba dubban ɗaruruwa ya sayi kare bai san hanyar asibitin dabbobi ba. Ana fara yi wa kare allurar yana wata uku, a riƙa maimaitawa duk shekara, a ba ka kati. Duk wanda karensa ya ciji mutum aka ce ina kati ya fara kame-kame, a ganina shi ya kamata ya biya kuɗin magani har ƙarshe, kuma masu unguwanni su tsaya a kan haka.

Iyaye, ku koya wa yara kada su jefi kare, kada su matsa kusa da wanda ke cin abinci ko karya mai shayarwa. In ya biyo su kada su ruga, su tsaya cak, hannu a jiki, ba kallon ido cikin ido. In kuwa tsautsayi ya faɗa, a bar zancen manna gashin kare ko shafa toka a ciwon. A wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na tsawon minti 15, a wuce asibiti a ranar, ko da ƙarzane ne. Shi kuma karen, in ana iya killace shi ba tare da wani ya shiga haɗari ba, kada a yi masa rubdugu. A kira likitan dabbobi ya sa masa ido kwana goma, amma allurar wanda aka ciza ba ta jiran wannan sakamako.