Kakan da ba ya hawa dandamali

Yawancin waɗanda suka kalli Fences, wasan kwaikwayon August Wilson da ya ci kyautar Pulitzer a 1987, sukan fito suna jin haushin Troy Maxson. Suna da hujja. Mutumin mai kwashe shara ne a birnin Pittsburgh na Amurka a 1957, kuma da hannunsa ya toshe wa ɗansa Cory hanyar shiga jami'a ta ƙwallo: ya ƙi sa hannu a takardar, ya je ya faɗa wa kocin cewa yaron ya daina wasa. Ni dai ina ganin wanda ya tsaya a kan Troy ya bar jaki yana dukan taiki. Mutumin da ke juya gidan nan ba ya fitowa ko sau ɗaya, wato mahaifin Troy.

Manomi ne a kudancin ƙasar, yana noma gonar wani, bashi bai taɓa sakinsa ba. Ya ciyar da 'ya'yansa, wannan Troy bai musa ba. Amma ranar da ya zane Troy da linzamin fata, yaron yana ɗan shekara 14, ranar ya bar gida. Daga nan sai sata, sai shekara 15 a kurkuku, sai ƙwallon gora na baseball da ya gwanance a kai lokacin da manyan ƙungiyoyi ba sa ɗaukar baƙar fata. Kafin ɗan wasa baƙar fata Jackie Robinson ya buɗe ƙofar a 1947, shekarun Troy sun ja.

Saboda haka da Cory ya tambaye shi me ya sa bai taɓa ƙaunarsa ba, amsar da ya samu lissafi ce: abinci, sutura, rufin ɗaki. Wani cikinmu zai ce ai wannan kunyar ɗan fari ce, irin tamu. A'a. Mai kunya yana da abin da yake ɓoyewa a baki, yana nunawa ta bayan fage. Shi Troy ba a taɓa nuna masa ba, balle ya san inda zai ɓoye. Tsoronsa na gaskiya ne, kada Turawa su yi wa yaron abin da suka yi masa, sai dai akwai hassada cakuɗe a ciki, kuma Wilson bai wanke shi daga ko ɗaya ba. Wannan ne ya sa James Earl Jones a 1987 da Denzel Washington a 2010 kowannensu ya sami abin kamawa a rawar.

A 1965 Cory ya dawo cikin kakin soja, ya ce ba zai je jana'izar ubansa ba. Uwarsa Rose ta faɗa masa cewa ƙin zuwan ba zai raba shi da mutumin ba. Can sai ga shi a tsakar gida da ƙanwarsa Raynell, suna rera waƙar wani tsohon kare mai suna Blue, wadda suka ji a bakin Troy. Wanda ya ƙirƙiri waƙar shi ne kakan nan mai linzami.