Bohol ɗinmu ya mutu, amma a rahoto ruwa yake zubarwa

Wallahi ƴan NGO sun gama raina mu a garin nan. Tun bayan rikicin 2001 da na 2008 Jos ta zama gonarsu, yau wokshop ɗin zaman lafiya gobe na tsafta, a tara mu a otal a ba mu shinkafa da lemo mu sa hannu a takarda. Duk mun shanye. Amma abun da wani yaro ya min jiya har yanzu yana cina.

Wata ƙungiya ce ta haƙa mana bohol mai sola a wajen Rikkos, allon tambarinsu ya kusa fin tankin girma. Ba a je ko'ina ba sumo, injin da ke jawo ruwan, ya ƙone. Ina cikin kwamitin kula da shi, mun kira har mun gaji. Jiya sai ga Hilux, yaro ya diro da tablet da ƴar rigar nan mai aljihu goma, wai shi ne na M&E, masu bin diddigin aiki. Na ce alhamdulillah yau an zo jin kukanmu.

Ko gaisuwar kirki babu. "Malam, bohol ɗin an haƙa ko ba a haƙa ba?" Na ce an haƙa, amma... Ya ɗaga min hannu. "Eh ko a'a, fom ɗin ba shi da gurbin amma." Ya danna eh. "Gida nawa ke amfana?" Na ce ko ɗaya, wajen ƴan garuwa muke saye. Ya kalle ni sama da ƙasa, ya ce adadin da aka rubuta tun farko shi zai bari. Sannan, ku ji fa, wai in sayo jarka biyu a jiƙa bakin famfo, in kira mata su riƙe bokiti su yi murmushi zai ɗau hoto. Da kuɗina kuma! Na ce yallaɓai ba zan yi ba. Ya ce "to Malam in masu ba da kuɗi suka ga ja a rahoto ba za su sake turowa ba, kai ka jawo wa unguwarku."

Madalla da bin diddigi. Ai amfaninsa a gano inda aiki ya karkace tun da wuri a gyara, a koma bayan wata shida a ga ko ruwa na zuwa, ko an koya wa wani gyaran injin, ko akwai asusun gyara. Su kuwa ramuka suke ƙirgawa da hotuna. Kuma wanda ake tantancewa shi ke biyan mai tantancewar albashi, to wa zai rubuta abun da zai sa a sallame shi? Balle tun da Trump ya datse kuɗin USAID, hukumar agajin Amurka, a 2025 kowa rahoto mai ƙyalli yake nema.

Ni gwamnati ma na fi jin haushi. Da famfo na kawo ruwa me zai haɗa ni da yaron nan? Garin da ke da dam a Lamingo amma yara na yawo da jarka da asuba cikin sanyin Jos kafin su tafi makaranta. Kasuwar Terminus tun 2002 ta ƙone, gwamna nawa aka yi tun lokacin? Ɗan majalisa ma nashi bohol ɗin ranar yanke kintinkiri kawai yake ruwa, kuma ba mai zuwa dubawa, ko na ƙarya.