Ba yawan majalisu ne ciwonmu ba

Duk lokacin da aka tayar da maganar kuɗin da 'yan majalisa ke ci a Abuja, sai ka ji ana cewa a rushe Majalisar Dattawa kowa ya huta, tunda Ghana majalisa ɗaya gare ta, Senegal ma ta soke tata a 2012. Da ni ma haka nake gani. Zamana a Ingila ne ya sauya mini ra'ayi.

A nan ma majalisu biyu ne, amma ba ƙarfinsu ɗaya ba. Majalisar wakilai mai kujeru 650 ita jama'a ke zaɓa, ita ce kuma mai wuƙa da nama. Ta dattawa, wadda suke kira Lords, ba zaɓe ake yi ba. Yawancinsu naɗi ne: tsofaffin alƙalai, likitoci, malaman jami'a, tsofaffin ministoci, har da limaman coci. Dokokin 1911 da 1949 sun rage mata ƙarfi. Kudurin kuɗi wata ɗaya kawai za ta iya riƙe shi, sauran kudurori kuwa kamar shekara guda. Aikinta shi ne ta bi doka layi-layi ta ce a gyara nan.

Na bi wannan da idona a 2024, lokacin da gwamnatin Rishi Sunak ta kawo dokar tura masu neman mafaka zuwa Rwanda. Dattawan suka yi ta mayar da ita da gyare-gyare, ciki har da neman a keɓe 'yan Afganistan da suka yi aiki da sojojin Birtaniya. Wakilai suka yi ta ƙi. A ƙarshe dokar ta wuce a watan Afrilu, amma duk jayayyar a fili aka yi ta, ana nunawa a talabijin, kowa ya san wanda ya tsaya kan me.

Namu fa? Sanatoci 109, uku daga kowace jiha da ɗaya na Abuja, sai wakilai 360 da aka raba bisa yawan jama'a. Kano na da wakilai 24, Bayelsa na da 5, amma a Majalisar Dattawa kunnen doki suke. Wannan hikima ce a ƙasa irin tamu, ban ga laifinta ba. Inda gizo ke saƙar shi ne, wajen yin doka ƙarfinsu ɗaya, kuma mutanen kusan iri ɗaya ne: jam'iyya ɗaya, uban gida ɗaya, ga tsofaffin gwamnoni sun cika zauren dattawa. Idan suka saɓa, sai a tura maganar ga kwamitin daidaitawa na mutum kaɗan. A dokar man fetur ta 2021, wakilai sun ce a ba al'ummomin da ake haƙo mai a yankinsu kashi 5 cikin ɗari, sanatoci suka ce kashi 3. Kwamiti ya fito da 3. Talakan Neja Delta bai ga yadda aka yi cinikin ba, balle na Katsina. Abin da ke damuna ke nan, domin nan ne ainihin dokar ke samun kamanninta.

Ba na so mu kwaikwayi majalisar naɗi, Allah ya kiyaye, a wurinmu sai ta zama kyautar shugaban ƙasa ga abokansa. Ina so dai a buɗe ƙofar kwamitin daidaitawa ga 'yan jarida, a kuma daina barin wanda za a naɗa minista ya rusuna ya wuce ba tare da an yi masa tambaya ba, tunda tantancewa aikin sanatoci ne su kaɗai.

Masu cewa a rushe kuma, ina roƙonsu su tuna da ranar 16 ga Mayu, 2006. A zauren dattawa, ƙarƙashin Ken Nnamani, aka kashe kudurin tazarcen Obasanjo, bayan an yi kwanaki kowane sanata yana miƙewa yana faɗin matsayinsa kyamara na ɗauka.