Fijo 504: a Faransa ana lallaɓa ta, a gida ana ɗora ta a sikeli

A garuruwan Faransa da dama, masu tsofaffin motoci kan haɗu da safiyar wata Lahadi a filin ajiye motoci, kowa ya ɗaga bonet, a tsaya ana hira har azahar. Duk wanda ya tashi a Kano ko Kaduna ko Maraɗi, in ya ga yadda ake kewaye Peugeot 504 a irin wannan taro, dariya ce za ta fara kama shi. Fijo ce fa. Ita dai ta tasha, mai ɗaukar biyu a gaba, huɗu a tsakiya, uku a baya, ga buhun gero a but an ɗaure murfin da igiya. Ga ta nan wani dattijo yana share mata ƙura da ƙyalle mai laushi, ya hana jikokinsa jingina da ita.

Ƙarancinta ne ya mayar da ita abin marmari a nan Faransa, kuma da hannunmu a wannan ƙaranci. Motar ta fito a 1968, ta ci kambun motar shekara ta Turai a 1969, an ƙera fiye da miliyan uku. Da aka daina yin salun ɗinta a Turai a 1983, waɗanda gishirin titi bai cinye ba sai suka kama hanyar kudu. Matasan Turawa kan sayi tsohuwa da arha, su ratsa Aljeriya ta Tamanrasset, su faɗo Assamaka da Arlit da Agadas, su sayar, su koma gida a jirgi da ribar. Daga baya jiragen ruwa suka riƙa sauke sauran a Kwatano da Lome. Mu kuwa kamfanin PAN da ke Kakuri a Kaduna ya fara harhaɗa Fijo a 1975, bai bar 504 ba sai wajen 2006. Shekara ashirin da 'yan kai ke nan muna sayen sabuwa gal bayan ƙasar da ta haife ta ta yaye ta. Abin da kake gani kullum a bakin kasuwa ba ya ba ka sha'awa.

Amma ƙaranci kaɗai ba ya sa mutum ya kwana a ƙarƙashin mota. Akwai motoci da yawa da suka ɓace ba wanda ya yi kewarsu. Abin da ke riƙe masu 504 shi ne injin da mutum ɗaya zai iya fahimta daga fanka har salansa, da sufana da sukundireba. Ɗauki mai cc 1,971, wanda ake kira XN1. Silinda huɗu ne, an kwantar da shi gefe da digiri 45 don bonet ya yi ƙasa. Tazarar bawul a sanyi milimita 0.10 ce a na shiga, 0.25 a na fita. Tazarar kwantak, wato ɗan makunnin da ke saita lokacin ba fulogi wuta, 0.40 ce, ta fulogi 0.6. Wuta na bin 1-3-4-2, sai dai Faransawa daga wajen kuloci suke fara ƙirga silinda ta ɗaya, ba daga wajen fanka ba, kuma wannan kaɗai ya sa baƙon hannu da yawa ya jera wayoyin fulogi a baibai ya yini yana zargin kwayil. Baƙin mai lita huɗu, 20W50 ya ishe ta. Da waɗannan lambobi a kai, mutum zai saita injinsa cikin awa biyu, ya tayar, ya ji bambancin da kunnensa. Motar yau kuwa ko fitila ce ta kunnu a dashbod sai an jona mata kwamfuta.

Sai lafiyar tafiya. Sifirin ɗinta dogaye ne masu laushi, cikinta ya ɗaga daga ƙasa, furofela kuma tana cikin wani bututun ƙarfe da ya haɗa giya da aksul, wanda ke kare ta daga dutse da yashi. Shi ya sa take haɗiye gargada kamar ba komai. Da 504 Ove Andersson ya ci tseren Safari na Kenya a 1975, Jean-Pierre Nicolas ya maimaita a 1978 da mai ƙofa biyu da injin V6. Wannan mai ƙofa biyun da 'yar uwarta mai buɗaɗɗen rufi, waɗanda kamfanin Pininfarina na Italiya ya zana, su ne masu tsadar gaske a yau. Salun da wagon, irin namu, har yanzu mai albashi zai iya kai hannu.

In aka zo batun gyara ne hanyarmu da tasu suka rabu. Bature yana taɓa motarsa don jin daɗi, yana kuma ajiye duk abin da ya cire a kwali da rubutu a jiki, don ranar da zai so mayarwa. Mu muna taɓa ta ne don ta kai mu Gusau ta dawo. Ban raina wannan ba, domin bakaniken da ya riƙe wagon tana lodi shekara talatin ya san abin da littafi bai sani ba. Sai dai wasu dabarunmu su suka kashe injinan, kuma gara a faɗa.

Babbar cikinsu ita ce cire tamostat, wato bawul ɗin da ke tare ruwa har injin ya ɗumama, da zuba ruwan rijiya a lagireto. Bulok ɗin injin ƙarfe ne, tof ɗin kuma, wato murfin da ke rufe saman silindoji, alminiyam ne. In ruwa tsura ya daɗe tsakanin ƙarafa biyu mabambanta, alminiyam ne ke cinyewa, ramukan ruwa su faɗaɗa har su kai bakin gasket. Ruwan rijiya kuma yana barin farin dutse a siraran bututun lagireto ya toshe su, wanda shi ne asalin zafin da ake gudu tun farko. Cire tamostat bai buɗe lagireton ba. Abin da ya ƙara shi ne da asubar hunturu injin zai yi tafiya mai nisa bai ɗumama ba, fetur yana wanke baƙin mai daga bangon silinda, ringi na ci. Gyaran da ya dace bai fi haka tsada ba: a kai lagireto a buɗe a tsefe ko a sa masa sabon ciki mai layi uku, a mayar da tamostat, a haɗa ruwan sanyaya injin rabi da rabi da tataccen ruwa, a canza duk shekara biyu. Fankar asali tana da maganaɗisun lantarki da ke kama ta in ruwa ya yi zafi ya sake ta in ya huce. Galibi ɗan gawayin da ke ba ta wuta ne ke ƙarewa, ko makunnin da ke jikin lagireto. A gida ɗaure ta ake yi ta riƙa juyawa kullum, kuma a zafin Afrilu na Sakkwato ba zan ga laifin mai yin haka ba. A nan masu sha'awa kan ƙara fankar lantarki a gaba, su bar ta asali yadda take.

In tof ya riga ya ƙone, ga inda ake yin ɓarnar da ta fi ta farko. Silindojin wannan injin silif ne da ake zarewa, suna zaune cikin ruwa, da siririn gasket a gindinsu. In ka kwance kusoshin tof ka ɗaga shi sama kai tsaye, silif na iya biyo shi. In ka juya karanshaf alhali tof na waje, fistin zai tura silif sama. Ko ɗan motsi ya ishe gasket ɗin gindin ya saki, ka ɗaure komai tsaf, bayan mako guda ka zaro ma'aunin baƙin mai ka ga ya koma kamar kunun gyaɗa. Don haka ana girgiza tof ne gefe da gefe har ya rabu da silif, sannan nan take a danne silif ɗin da manyan washa da kusoshi kafin a taɓa wani abu. Tsofaffin bakanikenmu na Fijo sun san wannan kamar sunansu. Yaran da suka koyi aiki a kan motocin Japan ba su sani ba, domin injinansu ba haka suke ba.

Gyare-gyaren da na ga sun cancanci kuɗinsu kaɗan ne, kuma duk ba sa canza kamannin motar. A cire kwantak a sa wutar lantarki ta zamani cikin distiributa, domin ƙafar kwantak na gogewa, lokacin wuta ya riƙa zamewa, tashin safe ya zama wahala. A sa rile biyu da fiyus a layin manyan fitilu, saboda a tsarin asali duk wutar ta cikin makunnin sitiyari take bi, makunnin ya yi zafi, hasken ya zama ja kamar aci-balbal. In kafiretan Solex ya gaji, sandar maƙogwaronsa ta ci har iska na shiga ta gefe, ba saitin da zai daidaita silo ɗinsa. Da yawa kan musanya shi da Weber 32/36. Duk tiyon fetur na roba a sake shi, musamman a nan da fetur ɗin E10 ke ɗauke da sinadarin etanol har kashi 10 cikin ɗari, wanda ke busar da tsohuwar roba ta tsage. Ɗigon fetur a kan injin mai zafi ya ƙone tsofaffin motoci ba adadi.

Wanda ya fi kowanne canza halin motar shi ne giya biyar ta Peugeot 505. Giya huɗun asali na sa injin kuka a babban titi. Ta biyar tana rage juyinsa da kusan kashi ɗaya cikin shida, ƙara ta ragu, shan mai ya sauka. Amma ba cire-ka-sa ba ne. Akwatin giya biyar ya fi tsawo, dole a rage tsawon furofela da bututunta, kuma in mai walda bai daidaita ta a injin juyi ba, motar za ta riƙa rawa tun daga kilomita 80. Wili ma da nasa tarkon: ramuka huɗu ne a da'irar milimita 140, awon da kusan babu mai irinsa sai 505 da tsofaffin Subaru. Masu faɗaɗa ramin wilin wata mota da dirila don ya shiga, da ransu suke wasa.

Abin da ba na goyon baya shi ne zare injin Fijo a dasa na Toyota ko Nissan. Ga ɗan kabu-kabu lissafi ne mai kyau, sifeya na ko'ina. Ga mai sha'awa kuwa, ya zubar da abin da ya sa motar ta zama ita. Doka ma a nan ba ta barin haka ta wuce salin-alin. Motar da ta kai shekara 30 tana iya samun takardar motar tarihi, a riƙa duba lafiyarta duk shekara biyar maimakon biyu, da sharaɗin tana nan a ƙirarta. Canza injin kuwa sai hukuma ta sake tantance motar gaba ɗaya, in ba haka ba inshora na iya juya maka baya ranar hatsari. Jamus ma tana da lambar H ga 'yan shekara 30, kuma gyaran da ya dace da zamanin motar kaɗai take karɓa. Dokar ta matse su, amma ita ta sa motocinsu suka tsira da kamanninsu.

Akwai abu guda da muka fi su nesa ba kusa ba, wato bodi. Babban kuɗin mai 504 a Turai a walda yake tafiya. Gishirin da ake watsa wa tituna lokacin ƙanƙara yana cin dogayen ƙarafan ƙarƙashin ƙofofi, da mazaunin shokozoba na gaba, da bakin tayoyin baya, da wurin kafa jak, da daɓen ƙarƙashin kafet. In motar mai tagar rufi ce, bututun zubar ruwanta na toshewa, ruwa ya kwanta a ciki shekara da shekaru. Awa guda ta mai gyaran bodi a nan ta fi abin da bakanike ke samu a mako a gida. Motar da ta yi rayuwarta a Katsina ko Damagaram ba ta san gishiri ba. Rana ta ƙone fentinta, ta fasa dashbod, ta busar da robobin gilashi, lodi ya gajiyar da sifirin, amma ƙarfen na nan garau. Irin wannan bodi shi Bature ke nema ido rufe, mu kuma muna miƙa wa 'yan gwangwan su sassare shi a auna a kilo. Haka kayan cikinta: abin da ake jira wata guda a intanet, ko a yi oda daga sashen tsofaffin kaya na gidan tarihin Peugeot da ke Sochaux, wataƙila yana nan ƙura ta rufe shi a wani shago a Ƙofar Ruwa ko Panteka.

Wanda ke da ita a bayan gida, ko ta mahaifi ce da aka kafe a kan duwatsu tun tashin farashin mai, kada ya yi gaggawar sa mata batir. A cire fulogi, a ɗiga baƙin mai cokali guda a kowace silinda, a bari ya kwana biyu, sannan a juya injin da hannu ta kusar karanshaf. A zubar da tsohon fetur a wanke tanki. A sake man birki gaba ɗaya da DOT 4, domin yana shan laima ya tsatsar da fistin ɗin birki daga ciki. Mai niyyar saye kuma ya tafi da ɗan maganaɗisu a aljihu, ya bi ƙasan ƙofofi da bakin tayoyi da shi. Duk inda ya ƙi kamawa, bodi fila ce aka shafe da fenti. Ya duba lambar shasi da ta injin su dace da takardu, ya buɗe murfin baƙin mai ya leƙa cikinsa. In ya ga farin kumfa, ya cire kuɗin buɗe injin daga farashin kafin a fara ciniki.