Hawan jinin mai ciki na mutum biyu ne

Wato har yanzu ana ta tura muryar Hajiyar nan a guruf ɗin matan Jidda da Makka, har da masu yi mata "Allah ya ƙara basira". Wace basirar? Yarinya da cikin wata bakwai, an auna jininta a mustausaf, wato ƙaramin asibiti, an ga 150/100, likita ya rubuta mata Aldomet, maganin hawan jini, ke kuma Hajiya kina kishingiɗe a falo kin yanke hukunci: ta ajiye ƙwaya ta jiƙa karkade, kumburin fuska zaƙi ne, da ta sauka shi ke nan. Sannu da aiki, babbar likitar Sharar Mansur.

Wannan "da ta sauka shi ke nan" ɗin ce ta hana ni yin shiru. Hajiya, ba shi ke nan ba ne. Hawan jinin mai ciki na mutum biyu ne, kuma na cikin yana iya tafiya da tabonsa har ya yi furfura.

A farkon ciki jijiyoyin da ke kai jini ga mabiyiya suna buɗewa su yi faɗi. Idan ba su buɗe yadda ya kamata ba, jini kaɗan ke isa wurin ɗan, abinci kaɗan, iska kaɗan, jinin uwa kuma ya hau. Sai a haifi jariri bai kai kilo 2.5 ba, ko dole ta sa a ciro shi kafin sati 37. To ƙananan matatan da ke cikin ƙoda ana gama gina su ne wajen sati 36, bayan nan ba a ƙara ko ɗaya. Wanda ya fito da su a gajarce, da su zai yi ta maneji iya rayuwarsa, kuma ƙodar da ke aiki fiye da ƙarfinta ita ke tura jini sama. Tun wajajen 1989 likitan Ingila David Barker ya nuna alaƙar ƙarancin nauyin haihuwa da ciwon zuciya a girma. A Denmak an bi mutum kusan miliyan 2.5, aka ga 'ya'yan da uwarsu ta yi hawan jini da cikinsu sun fi saura haɗarin ciwon zuciya da na jijiyoyin jini tun da ƙuruciya da kashi 23 cikin 100.

Na san za ku ce ai gado ne. E, akwai gado a ciki, masu binciken ma sun faɗa. Sai me? Gado ya hana a auna jini? Wata kuma za ta ce ta haifi tara ba awo, duk ga su garau. Allah ya raya su, amma kin taɓa ɗaura wa ɗaya a cikinsu na'ura a hannu?

'Yar'uwa mai ciki, da ke nake yanzu, tsakani da Allah. Sayi na'urar awo ta damtse, ba ta wuyan hannu ba, kuɗinta ko kusa da na ragon suna bai kai ba. Ki zauna minti 5 kin jingina baya, ƙafa a ƙasa, hannu daidai ƙirji, sannan ki auna ki rubuta. Idan damtsenki babba ne nemi babban maɗauri, ƙarami yana ƙara lamba. Kin ga 140/90, kin sake bayan awa 4 yana nan, ki ga likita a ranar. Kin ga 160/110, ko ciwon kai da ba ya jin Panadol, ko walƙiya a ido, ko ciwo ƙarƙashin haƙarƙarin dama, asibiti kai tsaye, ko a kira 997, lambar motar asibiti ta Saudiyya. Kar ki jira mai gida ya tashi daga aiki, jijjiga ba ta sallama. A kuma duba fitsarinki duk zuwa awo.

Wadda ta taɓa yin hawan jini a cikin baya, ko mai ciwon suga, ciwon ƙoda ko cikin tagwaye, ta tambayi likita maganar ƙaramar asfirin, miligiram 75 zuwa 150 kullum daga sati 12. Mai shan maganin hawan jini lisinopril ko losartan tun kafin ciki ta je a sauya mata da wuri, suna lalata ƙodar ɗan tayi. Aldomet, labetalol da nifedipine su ake ba masu ciki. Na san tsoron zuwa asibiti na masu matsalar igama, wato takardar zama a Saudiyya, ba na raina shi. Amma awon gida ba ya tambayar takarda, kuma ranar da lamba ta kai 160 lissafi ya sauya.

Yaron kuma a faɗa wa likitansa tarihin cikinsa, a riƙa auna jininsa duk shekara daga shekara 3, bakwaini ma kafin nan.

Af, masu aiko wa mai jego kanwa daga gida ta hannun 'yan Umara, don Allah ku sassauta. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta kunun kanwa da zafin jego da ciwon zuciyar masu haihuwa, kanwa cike take da sinadarin sodiyam irin na gishiri. Jinin mace yana iya hawa har sati 6 bayan haihuwa. In dole sai kun cika jakar, ku sa kuka da daddawa.