Waƙa 18, kiɗa ɗaya: inda sababbin albam suke lalacewa

Jama'a, mu yi maganar albam ɗin da ake ta saki yanzu, don yabon ya yi yawa har ya fara cutar da masu waƙar. Za a saki albam da ƙarfe 12 na dare, kafin 12 da kwata an cika Facebook da "wuta", "ba a taɓa irinsa ba", "sarki ya dawo". Albam ɗin kuwa tsawonsa ya haura awa guda. To yaushe ka saurara? Wanda ya jira kwana biyu ya ce waƙa ta 7 ba ta zauna ba, sai a ce mahassadi ne, ko yaron wani mawaƙi ne aka turo. Alhali gyara kayanka bai taɓa zama sauke mu raba ba.

A ganina, yawancin sababbin albam ɗin nanaye waƙa 4 ne ko 5 masu kyau, sauran ciko ne. Kuma aibin ba a ɓoye yake ba, ana iya nuna shi da minti da sakan.

Fara da bugun. Kunna waƙa, ka ƙirga bugunta na sakan 15, ka ninka sau 4, ka rubuta. Ka yi wa kowace waƙa haka. Idan ka ga goma daga ciki suna tafiya da sauri kusan ɗaya, muryar mawaƙin tana farawa daga wuri ɗaya tana sauka wuri ɗaya, to mai kiɗa bai sake gini ba. Tsohon fayil ɗinsa na manhajar haɗa kiɗa, FL Studio ko Cubase, ya buɗe, ya canza sarewa zuwa jita, ya sake suna. Dalili kuwa kuɗi ne da gaggawa: an yi ciniki a dunƙule, waƙa kaza a sati biyu, situdiyo na ƙona man janareta. Sai a dama fura ɗaya a raba a ƙwarya 18. Ka sa irin wannan albam a mota daga Katsina zuwa Daura, kafin Mashi direba ya canza, bai ma san an wuce waƙa shida ba.

Zamanin kaset akwai linzami. C-60 minti 30 ne a kowane gefe, faifan garmaho mai dogon zango kuwa minti 20 da 'yan kai a gefe. Dole ka zaɓa, dole ka zubar. Yanzu Audiomack da Boomplay ba sa ce maka ya isa, sai ya zama duk abin da aka ɗauka an saki.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne kalangun fiyano, wato sautin kalangu da ake dannowa daga madanni ko kwamfuta. Mu da muke da Mamman Shata, wanda ya fito daga Musawa, aka binne shi a Daura a 1999, bai kamata a sayar mana da wannan ba. Kalangu na gaskiya makaɗi ne ke matse tsarkiya a hammata, fata ta ɗaure ta saki, sautin ya hau ya sauka cikin bugu ɗaya. Da wannan hawa da saukar yake magana, har mai sauraro ya gane take ko kirari. Na cikin kwamfuta bugu ɗaya ne aka ɗauka aka daskarar, duk inda aka danna shi haka zai fito, ƙarfi ɗaya, tsawo ɗaya, a kan layi cif. Kunne na gajiya da shi kafin minti biyu. Gyaran ba shi da tsada: a kira makaɗi na wuni ɗaya, a ajiye makirfo kamar taƙi biyu daga fatar, a ɗauki kowace waƙa sau biyu ko uku, a bar ɗan jinkirin hannunsa yadda yake. Masu kalangu suna nan a Katsina, suna nan a Funtua, mahauta ma sun san inda suke. Haka ƙwaryar amada irin ta zamanin Barmani Choge, babu madannin da ya iya ta.

Sai murya. Ban da matsala da Auto-Tune, manhajar da ke daidaita murya da kari, tun 1997 yake duniya, kuma kusan kowa na taɓa shi. Matsalar yadda ake saita shi ce. Ana ajiye saurin gyaransa a sifili, sai murya ta riƙa tsalle daga mataki zuwa mataki ba lanƙwasa. Ga wanda yake son murya ta fito kamar ta mutum, ajiye saurin a 20 zuwa 40 ya fi. Na biyu, ana barin sa a buɗe a kan duk matakan sauti 12, alhali karin waƙar Hausa galibi a kan biyar yake yawo. Sakamakon shi ne rawar muryar nan da kake ji a ƙarshen baiti, na'ura na neman inda za ta ajiye shi. Mai haɗa sauti ya gano maɓallin waƙar, wato matakan sautin da aka gina ta a kai, ya kashe matakan da ba a amfani da su, rabin matsalar ta tafi. Amma wanda bai iya riƙe kari ba, na'ura ba za ta koya masa ba, tona shi ma take yi.

Wasu kurakuran tun wajen ɗauka ne. Mawaƙi ya manna baki da makirfo, duk "b" da "f" su riƙa fashewa. Taƙi ɗaya tsakani da rariyar tare iskar baki a gaban makirfon ya wadatar. An ɗaga ƙarfin shigar da murya har jar wutar gargaɗi na kamawa, wurin da ya ɗaga murya ya tsage, kuma abin da ya tsage a ɗauka ba ya ɗinkuwa a miksin, wato wajen haɗa murya da kiɗa. A bar kololuwar ƙarar tana tsayawa tsakanin -12 da -6 dB a ma'aunin ɗauka. Gurnanin janareta da fanka suna kwance a ƙasa cikin sauti mai kauri, a yanke duk abin da ke ƙasa da 80 Hz (ma'aunin kauri da sirantar sauti) a layin murya. Hausa kuma cike take da "s" da "sh" da "ts", masu taruwa can sama wajen 5,000 zuwa 8,000 Hz, idan ba a rage kaifinsu ba sai su riƙa sukar kunne a iyafis. Daga nan sai a zo a zuba eko don rufe duk wannan, kalmomi su nutse. Waƙar Hausa kuwa kalma ake bi. Idan sai ka maimaita baiti sau uku kafin ka ji abin da aka ce, an yi asarar rubutun.

Rubutun ma da sauƙi a gane na ciko. Amshi zai dawo sau 8, baituka uku ne kacal, na ukun na farko ne aka juya. Ana kama ƙafiya da ƙarfin tsiya, a jawo kalmar da ba ta da alaƙa da zancen don kawai ta ƙare da "ni" ko "na". Ana ja gajeriyar gaɓa a matse doguwa don ta shiga kiɗan da aka riga aka gama kafin a rubuta waƙar. Dalilin a fili yake: sakan 20 ɗin da za su hau TikTok aka yi wa aiki, sauran minti huɗun rakiya suka yi. Kiran sunaye kuma, ba sabon abu ba ne, makaɗan da sun kira, amma waƙar mutumin suke yi, su gina ta a kansa. Yanzu ana tsakiyar kukan rabuwa da masoyiya sai ka ji an gaida Alhaji mai gidan mai da shugaban matasa na mazaɓa. Wanda ya biya, a yi masa tasa daban.

A wajen mastarin, wato gyaran sauti na ƙarshe kafin a saki, ana gasar ƙara. A matse waƙa har ta rasa numfashi, wai don ta fi ta wane amo. Spotify, da ya shigo Najeriya a 2021, da YouTube duk suna sauke waƙa mai ƙara zuwa wajen -14 LUFS, ma'aunin ƙarar da suke bi. Wato za a rage maka ƙarar, a bar ka da matsewar. Kuma kafin a saki, a gwada a inda mutanenmu ke ji: lasifikar ƙaramar waya, wadda ba ta fitar da bas mai zurfi, da MP ɗin mai shayi, da Keke Napep a Ƙofar Ƙaura da injin na ruri. Idan bas ne kaɗai ke riƙe da waƙar, a waya za ta fito fanko. Idan murya ta ɓace a Napep, a koma situdiyo.

Akwai kuma sakacin da ba na kuɗi ba. Waƙa ta 3 ta fi ta 4 ƙara, sai ka riƙa kai hannu kana ragewa. Waƙoƙin baƙin ciki uku a jere, sannan ta biki ta faɗo ba sallama. An ɗora matsattsen MP3 mai 128 kbps da ya sha yawo a waya maimakon WAV, cikakken fayil na asali, kuge da kacau-kacau suna fitowa kamar ana murza leda. Sunan situdiyo ana kiransa a farko, a tsakiya, a ƙarshe, a kan muryar mawaƙin.

Amma sunan da ya kamata a gani babu shi. Buɗe bayanin albam ɗin: ba mai kiɗa, ba wanda ya haɗa sauti, ba marubuci idan wani ne ya rubuta. Mawaƙiyar da ta ɗauki rabin baitukan waƙa tara, wadda muryarta ce ma ake yankowa a TikTok, ko sunanta ba a sa ba. Kamfanonin da ke ɗora waƙa a manhajoji duk suna da gurbin rubuta waɗannan sunaye, cike shi bai kai minti biyar ba a kowace waƙa.